Ƙashi na Tara a Bayan Maigidana

Mu mutanen Randagi ne, ni da maigidana. A can aka ɗaura mana aure, a can na haifi 'ya'yanmu uku, kuma da daji bai zama abin da ya zama ba, da a can za mu tsufa. Shekarar da 'yan bindiga suka daina jiran duhu, suka fara shigowa ƙauyuka da rana tsaka, sai muka kwashi abin da babur zai iya ɗauka muka dawo cikin garin Birnin Gwari, gidan wan mijina, wanda kowa a gidan ke kira Yaya. Ya ba mu ɗaki biyu daga can baya, kusa da turken awaki. Surukata, Inna, ita ma ta biyo mu, tana mita har muka iso.

Gona kuwa ba ta hawa babur. Saboda haka duk damina Malam, haka nake kiran maigidana ko da yake bai taɓa koyar da kowa ba, yakan bi ayarin manoma da sassafe, su yi abin da za su yi, su juyo kafin la'asar. Ba mai zuwa shi kaɗai. Malam dogo ne, mai faɗin kafaɗa, yana ɗaga buhun masara ya aza a babur bai nemi a kama masa ba. Ba ya son zama. Ko hira ake yi a ƙofar gida, shi a tsaye yake yin tasa, yana jingine da bango.

Abin ya faru da kaka. Ba na wurin. Abin da na sani daga bakin Yaya na ji shi, sauran kuma daga bakin Malam daga baya. Masara ta yi kyau a shekarar, kowa ya ɗauro buhu bibbiyu. Suna kan hanyar dawowa, daidai inda hanya ta raɓi dajin da ya miƙe har Kamuku, sai suka ji harbi. Ba su ga kowa ba, ba su san wa ake harbi ba. Kowa ya murɗa babur ɗinsa. Akwai wani kwazazzabo da ruwan damina ya ci a gefen hanya, ƙasar bakinsa ta rufta da tayar Malam ta gaba. Ya faɗa ciki, babur da buhuna suka bi shi.

Yaya da wani maƙwabcin gonarmu suka tsaya, sauran suka wuce, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Suka sauka suka janye buhunan. Malam yana kwance rub da ciki, yana cewa bayansa, bayansa. Harbin kuma sai ƙara matsowa yake yi. Ɗaya ya kama shi ta hammata, ɗaya ta ƙafafu, suka hauro da shi yana lanƙwashe a tsakiya, suka zaunar da shi a babur ɗin Yaya, maƙwabcin ya hau bayansa ya rungume shi. Haka suka biyo wannan hanya mai ramuka har gari.

Ina tankaɗe a tsakar gida suka shigo da babur har cikin zaure, abin da Yaya ba ya bari a yi. Ƙafarsa ta dama na fara gani. Takalmin ya faɗi a hanya, ƙafar ta zame daga matakinta ta yi ta jan ƙasa, har fatar yatsun ta goge, jini da turɓaya sun haɗu sun bushe.

Na ce, "Malam, ƙafarka."

Ya dube ni, ya ce, "Wacce?"

Sai ya sunkuyar da kai ya gani. Ya daɗe yana kallonta kamar ƙafar wani ce aka ajiye kusa da shi.

Inna ta aika aka kira mai ɗori, wani tsoho da ya ɗora rabin karayar unguwar. Aka kwantar da Malam a tabarma. Tsohon ya sa yatsa biyu a ƙeyarsa ya fara gangarowa a hankali, yana bin tsakiyar baya. Da ya wuce tsakanin kafaɗu ya iso wani wuri da ya taso kamar an cusa dutse ƙarƙashin fata, Malam ya yi ƙara, shi kuma ya ɗauke hannunsa.

Ya ce wa Yaya, "Wannan ba irin wadda nake ɗorawa ba ce. Ku kai shi asibiti. Ku ciro ƙyaure ku ɗauke shi a kai, kada a sake zaunar da shi."

Wannan "sake" da ya faɗa ta tsaya mini a rai. Na ga Yaya ma ya ji ta.

A asibitin gari aka wanke ƙafar, aka sa masa robar fitsari domin mararsa ta cika ta yi tauri bai sani ba, aka ce sai Kaduna. Lokacin motoci ba sa fita sai an taru an yi ayari da rakiyar sojoji, don haka muka jira gari ya waye. A bayan a-kori-kura muka tafi, yana kan ƙyauren, an ɗaure shi da zannuwana, ni ina riƙe da kansa.

Likitan da ya karɓe mu a Kaduna mutum ne mai furfura a gemu. Hausarsa tana ɗan gargada, da jin ba cikinta aka haife shi ba, amma ba ya gaggawa. Bayan an ɗauki hoton ƙashi, ya zo da ɗan tsinke mai tsini, ya buɗe rigar Malam, ya ce ya rufe ido, duk inda ya ji ya faɗa. Ya fara daga wuya.

Malam ya ce, "Ina ji."

Ya sauko ƙirji. "Ina ji."

Ƙarƙashin haƙarƙari. "Ina ji."

Da ya iso cibiya sai shiru. Likita ya ci gaba da tsikarinsa, mara, cinya, gwiwa, tafin ƙafa, Malam kuwa idonsa a rufe yana jira. Har ya ce, "Ci gaba mana, Likita." Likita ya ɗauki biro ya ja layi a fatar cikinsa, daga wannan gefe zuwa wancan, daidai cibiya.

Sannan ya tambaye shi, "Da ka faɗi, kafin a ɗauke ka, ka iya motsa ƙafafunka?"

Yaya yana tsaye a ƙarshen gado, hularsa a hannu. Malam ya kalli rufin ɗakin, ya ce, "Ban tuna ba, Likita."

"Da me aka ɗauko shi zuwa gari?"

Yaya ya faɗa masa duka, bai rage komai ba. Likita ya rubuta.

Washegari ya kira mu ofishinsa, ni da Yaya. A kan teburinsa akwai ƙashin baya na roba, fari, an soke shi a ƙarfe ya tsaya. Ni karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, kuma duk rayuwata na ɗauka ƙashin bayan mutum guda ne, dogo, kamar taɓarya a tsakiyar jiki. Likita ya cire shi daga ƙarfen ya sa mini a hannu. Sai na ji yana lanƙwasa. Ashe ƙananan ƙasusuwa ne aka jera, ɗaya kan ɗaya, na sama 'yan ƙanana, suna ƙara kauri in ana gangarowa. Kuma ba a miƙe yake sambal ba: ya ɗan turo gaba a wuya, ya koma baya a ƙirji, ya sake turowa gaba a ƙugu.

Ya nuna mini inda zan sa yatsa, yana faɗa ina bi. "Bakwai ɗin nan na wuya ne, su ke ɗauke da kai, da su kike waiwayawa. Sha biyun nan na ƙirji ne, kowanne da haƙarƙarinsa hagu da dama. Biyar ɗin nan masu kauri na ƙugu ne, su ke ɗaukar nauyin jiki. Wannan mai faɗin, biyar ne suka haɗe suka zama ɗaya, tsakanin kwatangwalo. Sai ɗan wannan na ƙarshe kamar wutsiya." A tsakanin ƙasusuwan kuma akwai ɗan guringuntsi mai taushi, kamar gammo, don kada ƙashi ya ci ƙashi in mutum ya yi tsalle ko ya ɗauki kaya.

Sai ya juya shi ya nuna mini ta sama. Kowane ƙashi da rami a bayansa, ramukan sun haɗu sun zama bututu guda tun daga ƙeya, a ciki kuma an zura wata igiya rawaya.

Ya ce, "Kin san laka?"

Na san laka. Kowace Layya in an sara gadon bayan rago, akwai farin abu mai taushi a cikin ƙashin, wanda yara ke zuƙewa. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma ina da irinta ba.

Ya ce ta mutum ma haka take, kaurinta bai wuce ɗan yatsana ba, kuma daga ƙwaƙwalwa ta fito. Duk saƙon da kai zai aika wa hannu ko ƙafa ta cikinta yake bi. Duk abin da fata ta ji, zafi ko sanyi ko ƙaya, ta cikinta yake hawa. Daga tsakanin ƙasusuwan jijiyoyi ke fitowa bibbiyu, kowace da yankin da take kula da shi: na wuya su tafi hannuwa da numfashi, na ƙirji su zagaye ƙirji da ciki, na ƙasa su tafi ƙafafu da mafitsara da hanji. Duk wannan ginin ƙashi, in ji shi, rabin aikinsa tsare wannan abu mai taushi ne.

Ya ƙirga daga saman na ƙirji, ya tsaya a na tara. Ya ɗaga hoton Malam a jikin fitila. Ko ni da ban san komai ba na gani: sauran suna jere tsaf, shi kuwa ya murƙushe ta gaba, ya zame baya ya shiga cikin bututun.

Yaya ya ce, "Likita, zai tashi?"

"Ƙashi zai haɗe. In ya kwanta yadda ya kamata, zai haɗe har ya iya zama. Laka ce ba ta haɗewa kamar ƙashi. Da akwai ɗan ji ko ɗan motsi a ƙasan layin nan, da na ce mu sa rai. Ban samu ko kaɗan ba. Za mu ci gaba da dubawa, amma ba na so in yi muku alkawarin abin da ba ya hannuna."

Yaya ya murza hularsa. Can ya ce, "Ɗaukar da muka yi masa ce?"

Likita ya ce, "Ba wanda zai iya sani. Nauyin da ya faɗo masa ya isa ya yi wannan shi kaɗai. Kuma ana harbi, ka ce."

Yaya ya gyaɗa kai. Ban ga alamar maganar ta shige shi ba.

Mun yi makonni a asibitin. Ma'aikatan jinya suka koya mini juyi: mutum uku, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafafu, a juya shi gaba ɗaya kamar gungumen itace, kada sama ta riga ƙasa. Suka ce a yi ta juya shi dare da rana, don fatar da ba ta ji ba ta san ta gaji ba. Suka koya mini kula da robar, da yadda zan taimaka masa ya yi bayan gida. Ranar farko da na yi, ya juya fuskarsa bango har yamma.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani direba da motarsa ta kife, shi nasa a wuya ne. Hannuwansa suna yashe a gefensa kamar ƙafafun Malam, in ƙuda ya sauka a fuskarsa sai dai ya hura masa iska, tari ma ba ya iya yi da ƙarfi. Matarsa ce ke danna masa ciki in majina ta taru. Wata safiya muka ga an naɗe katifarsa. Malam ya daɗe yana kallon gadon, sannan ya ɗaga hannuwansa biyu, ya buɗe, ya dunƙule, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ban sani ba ko godiya ce zalla, ko da tsoro a ciki.

Kafin mu dawo gida Yaya ya sa kafinta ya yi gadon katako, ya faɗaɗa ƙofar ɗakinmu. Inna ta kama nata aikin: rubutun sha, tofi, hayaƙi, man shafawa iri-iri. Ba mu hana ta ba. Wata rana da hantsi ina shafa masa mai a ƙwauri, sai ƙafar hagu ta zabura ta naɗe, ta yi ta karkarwa. Inna tana bakin ƙofa. Ta saki kwanon da ke hannunta, ta faɗi ta yi sujada a kan turɓaya. Kafin azahar labari ya zagaye unguwa, mata suna ta shigowa barka.

Ni kuwa likita ya riga ya gaya mini, kuma ya gaya wa Malam. Lakar da ke ƙasan karayar ba ta mutu ba, rabuwa ta yi da kai. Za ta riƙa fizgar ƙafa ita kaɗai in an taɓa, kamar yadda wutsiyar ƙadangare ke motsi bayan ta gutsure. Ba Malam ne ya motsa ba, bai ma ji ba. Muka haɗa ido, ni da shi. Ya amsa barka, ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, muka bar tsohuwa da murnarta. Ta yi watanni tana zama gefen gadon tana jiran ƙafar ta sake, tana ce mata, "Yauwa, haka." Daga baya ta daina zama, ba tare da wani ya gaya mata komai ba.

A cikin waɗannan watanni ne na san bayansa yadda ban san shi ba a duk shekarun aurenmu. Da ya rame, ƙasusuwan suka fito fili, ina iya binsu da yatsa ɗaya bayan ɗaya tun daga wanda ya fi tasowa a gindin wuya. In na iso wajen na tara, yakan ce, "Nan ne iyaka." Sama da nan yana jin sanyin mai da ɗumin hannuna. Daidai wurin akwai wani zafi da ke zagaye shi kamar an ɗaura masa igiyar wuta, wanda ba maganin da ya kashe shi. Ƙasa da nan sai dai in gaya masa abin da nake yi.

Wata la'asar ina cikin haka, fuskarsa a bango, sai ya ce, "A cikin ramin nan na motsa su."

Na tsaya.

"Da suka janye buhunan, na motsa yatsun, duka ƙafa biyu. Na ji ƙasa ta shiga takalmina. A kan hanya ne, wani rami da muka faɗa, na ji kamar an watsa mini ruwan zafi daga ƙugu zuwa ƙasa. Shi ke nan."

Na ce, "Ka ce wa likita ba ka tuna ba."

"Yaya yana tsaye."

Na kasa ci gaba da shafawar. Ya ce, "Ke kaɗai na gaya wa, don ya yi mini nauyi. Kada ya wuce ɗakin nan. Wa ya taɓa koya masa yadda ake ɗaukar mai karayar baya? Da ya tsaya neman katako, da mu duka aka kwashe. Kowa ya wuce, shi da maƙwabcinmu suka tsaya."

Na san gaskiya ya faɗa, amma raina bai karɓa nan take ba. Kowace safiya Yaya ke zuwa ya ɗauke shi cak ya fitar da shi rumfa, kowace yamma ya mayar da shi, bai taɓa fashi ba. Ni kuwa na daɗe ina gaishe shi idona a ƙasa, ina kallon hannuwan nan nasa. Sannu a hankali abin ya lafa. Ban faɗa wa kowa ba sai yanzu, da Yaya ma ya riga mu gidan gaskiya.

Wata ƙungiya ta raba kekunan guragu a gari, Malam ya samu ɗaya. Tayoyinsa ba sa son yashin tsakar gidanmu, amma a ƙofar gida ƙasa ta yi tauri. Nan ya koma zama. Hannuwansa sun dawo da ƙarfinsu, har sun fi da. Yana tufkar igiyar rama yana sayar wa masu dabbobi. Fulanin da ke shigowa ranar kasuwa sun san shi, sukan tsaya su sha ruwa, yana tsokanarsu da ɗan Fillancin da ya tsinta tun yana yaro. Masallaci ne ya ƙi zuwa, saboda jakar fitsarin da ke rataye ƙarƙashin rigarsa. Sai da liman ya zo har gida ya ce masa larura ba ta hana jam'i, sannan ya fara zuwa azahar da la'asar, yana ajiye kekensa a ƙarshen sahu.

Ba kullum ne haka ba. Ranar da ciki ya ɓaci masa a gaban baƙi, bai sani ba sai da ya ga suna kau da kai, ya yi kwanaki bai fita ba. Ya yi jifa da kwanon tuwo, ya ce wa 'yarmu ta fari kada ta ƙara shigo masa ɗaki. Yarinyar ta je bayan turke ta yi kukanta. Da damina ta sauka, in ya ji baburan manoma suna wucewa da sassafe, sai ya yi shiru har hantsi. Yaya ya noma gonarmu shekara ɗaya. Shekara ta biyu ba wanda ya iya zuwa wannan ɓangaren, sai labari muka ji cewa ciyawa ta cinye ta.

Gyambon ya fara ne da bazara. Wani ɗan duhu na gani a kan faffaɗan ƙashin nan na ƙasa, wanda likita ya ce biyar ne suka haɗe. Wurin ba nama, fata ce kawai a kan ƙashi, kuma a kansa yake zama yini guda. Faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. Na ce ya bar zaman keke sai ya warke. Ya gwada kwanciya a ɗaki rub da ciki, ga zafin gari, ga rufin kwano, ya ce gara a binne shi da wannan. Ya koma ƙofar gida. Abin da ya rage masa ke nan, kuma shi ba ya jin komai a wurin.

Fatar ta buɗe. Ina wankewa da ruwan gishiri, wata nas daga asibitin gari tana zuwa tana yi masa bandeji, amma abin ciki yake ci, bakinsa ƙarami, ƙarƙashinsa kogo. Lokacin hanyar Kaduna ta sake rufewa, ba ayari, ba rakiya. Wanda ya matsu sai ya yi zagaye mai nisa ta hanyar da ko mai lafiya sai ya yi jinya, jikinsa kuwa ba zai ɗauka ba. Wata rana ina wankewa, audugar ta taɓa wani abu mai tauri. Na ɗaga labule haske ya shigo, na duba. Ƙashin ne. Ba fari ba ne kamar na teburin likita, launin toka ne.

Ya ce, "Ya yake?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ya ce, "Ina jin warin. Hancina ai yana sama da layi."

Ya ɗan yi dariya, ni ban iya ba.

Daga nan zazzaɓi ya shigo, fitsarin da ke jaka ya yi kauri ya dame. Aka kwantar da shi a asibitin gari, aka yi allurai, ya ɗan farfaɗo, muka dawo, ya sake kwantawa. Ya daina cin tuwo, sai koko. Ranar da ya rasu an tashi da hadari. Bayan azahar ya tambaye ni ko ruwan ya sauka wajen Randagi. Na ce ban sani ba, amma ta can ya fi duhu. Ya ce gonarmu ta gangare tana son ruwan farko, in an yi shuka da wuri masara takan tsere wa tsutsa. Sai ya ce in kira masa Yaya. Yaya ya zo ya zauna a gefen gado, ya riƙe hannunsa, yana tuna masa kalmar shahada, shi kuma yana amsawa. Ba su yi wata magana ba bayan wannan. Kafin la'asar ya cika.

Yaya ne ya yi masa wanka, shi da liman. Daga ni sai ma'aikatan asibiti muka taɓa ganin gyambon, domin Malam ba ya bari a buɗe shi gaban ɗan'uwansa. Da suka gama Yaya ya fito, hannun rigarsa a naɗe, ya tsaya ɗan nesa da ni, ya ce, "Ban san ya kai haka ba." Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Sannu. Allah Ya ba ki lada." Ya wuce zaure.

Ban daɗe da fita takaba ba, sai nas ɗin nan ta aiko a tambaye ni ko keken yana nan. Akwai wasu mutanen ƙauyen Gayam da suka sauka a wani gida bayan kasuwa. An harbi maigidan a baya yana gudu daga gona, an yi jinya an sallamo su. Na ce zan kai da kaina.

Ɗaki ɗaya ne, su da yaransu. Mutumin yana kwance rigingine a tabarma a ƙasa, kuma bai kai Malam shekaru ba ko kusa. Matarsa sa'ar autar ƙannena ce. Ta karɓi keken tana ta godiya. Na gaishe shi, na yi masa sannu, na ja ta waje.

Na ce, "A ina jinsa ya tsaya?"

Ta sa hannu a ƙirjinta, daidai nono.

"Tun yaushe yake kwance a haka, ba a juya shi ba?"

Ta ce tun safe, wai in an taɓa shi kafaɗarsa ke ciwo, shi ya sa take barinsa. Rana kuwa ta riga ta karkata.

Sai ta ce, "Mama, mai keken nan, warkewa ya yi?"

Na ce, "Allah Ya yi masa rasuwa."

Ta dubi keken, ta dube ni, ta yi mini gaisuwa. Na ce ta kira ƙanen mijinta da wani daga maƙwabta, ta tattaro duk matashin da ke gidan da tsofaffin zannuwa. Da suka zo na sa ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙafafu, ita kuma na kama hannunta na ɗora a ƙugunsa. Na ce kada kowa ya ja sai na faɗa. Da suka juya shi na durƙusa na duba. Dugadugansa biyu sun riga sun yi duhu.